Kaka Ta Shigo Gida: Jawabin Tsohuwar Ma'aji a Taron Cikar Ƙungiyarmu Shekara 10



Hajiya Shugaba, wakilin Mai Gari, malamin gona da ya taso daga ƙaramar hukuma, iyayenmu da ke zaune a tabarmar gaba, ƙannena da 'ya'yana, da mazajenmu da suka raɓe can gindin darbejiya kamar ba sa jin mu alhali suna ji, ina yi muku barka da zuwa, barkanmu kuma da ganin wata kakar.

Ranar da Sakatariya ta zo ta ce ni aka zaɓa in yi jawabi, a tsakar gida ta same ni, na miƙe ƙafa, tulin gyada a gabana ya fi ni tsawo. Na ce mata, 'yar nan, wane marar tausayi ne ya sa taro a tsakiyar tsinkar gyada? Ta ce, "Inna, ai ku ne. Ku kuka kafa ƙungiyar a irin wannan watan." Na yi shiru, don gaskiya ta faɗa. Mun kafa ta da kaka saboda a lokacin ne kawai kowace mace a cikinmu take da abin zubi a hannu. To tunda kaka ce ta haife mu, a kanta zan yi magana, kuma ku yi haƙuri da ni, tsohuwa idan ta samu lasifika sai an ƙwace.

Baƙinmu na birni suna ganin kaka lokacin hutu ne, tunda noma ya ƙare. Bari in ba ku labarin ranar Talatar da ta wuce a gidanmu. Tun kafin kiran assalatu matar ɗana ta hura wuta, don masu ɗaurin gero mutum takwas za su karya kumallo kafin su fita. Ana idar da salla aka ɗora tukunyar koko. Raɓa ba ta bushe ba yara maza suka kora amalanke gona. Kafin hantsi amalanken farko ya dawo da dami, kuma ƙofar zaurenmu ba ta ɗaukar amalanke, dole a sauke a waje a riƙa shigowa da shi a ka. Jikokina kuwa ba ruwansu da dami, tumu suke nema. Kowanne ya zari zangarniya ya cusa a murhu, ga masara ana gasawa, ga gurjiya a tukunya, ɗan autan gidan yana kuka an karya masa takanɗa. A bayan ɗaki an baje kuɓewa da aka yanka jiya, a kan rufin soro barkono, a kan igiya ganyen rama, a gefen rumbu waken da aka roro yana jiran casa. Kaza ta samu sallarta, akuya ta tsinke igiya ta shiga harawa. Ni kuwa ina zaune ina tsinka, ina ba da umarni, ba mai ji na.

Sai bayan azahar gabas ta haɗe. Ku da kuka san ruwan ƙarshen damina kun san ba ya sallama. Wallahi cikin minti goma babu wanda bai ɗauki wani abu ba, har Malam da ke fama da gwiwa na gan shi yana jan tabarmar barkono. Muka tura komai cikin ɗakuna, har kan gadona gyada ce. Muna gamawa iska ta kwashe hadarin, ko ɗigo bai sauka ba. Muka sake fitowa da komai.

Abin da ke sa wannan wahala ta yi daɗi shi ne ba kai kaɗai kake yin ta ba. Da la'asar maƙwabtana huɗu suka shigo, kowace da faifanta, ba wanda ya aika a kira su. Ƙawata ta ƙuruciya, wadda aka kai mu gidan miji shekara ɗaya, ta zo da jikarta a baya. 'Yata da ke aure a wani gari ta zo kwana uku don ta taya ni, ko da yake na san har da ƙwaryar sabon gero da za ta koma da ita. A wajen tsinkar nan ake jin wanda ya haihu da wadda za a aurar, a nan ake sasanta waɗanda suka yi faɗa tun bazara, don ba ka iya gaba da wadda gwiwarku ke gugar juna a kan tuli ɗaya. Yau gidana, gobe gidanki. Maza suna kiran nasu gayya, mu ba mu ma sa masa suna ba. Ni a ganina ƙungiyar nan tamu wannan zaman ne aka saya wa littafi da biro.

To, yanzu ga tambayar da ta kawo ni. Duk wannan abin da ya cika mana tsakar gida yau, har babu wurin taka ƙafa, ina yake zuwa? Me ya sa mace da ta kwana a kan gyada a watan Oktoba, idan watan Yuli ya zo sai ka gan ta da ƙaramin kwano a ƙofar mai awo?

Ba ina maganar gandu ba. Hatsin gandu na maigida ne, shi zai fitar da zakka, ɗaya cikin goma tunda ruwan sama ne ya shayar, ya zuba saura a rumbu, Allah ya sa masa albarka. Ina maganar namu: gayaunar da aka yanka wa mace, da ladan tsinka da ake biyan mu da gyada, da kalar da 'yan mata ke yi bayan an kwashe gona, da waken da muka roro, da kuɓewa da yakuwa da riɗin gefen gona. Idan aka tara, ba ƙaramin abu ba ne. Amma ba a taɓa barin sa ya taru. Kwano biyu yau a sayi anko, kwano uku gobe a kai gudummawar biki, don kaka ita ce lokacin aure, kowa ya sani. Mai koli ya shigo da robobi da 'yan kunne, ba ya ma son kuɗi, gyada yake karɓa. Ga wadda ta ci bashi da damina a kan za ta biya da amfani idan an girbe, mai bashin kuwa tun kafin gyada ta bushe yana ƙofar gida da buhunsa. Kuma a daidai lokacin ne kaya suka fi arha, saboda kowa ya kawo nasa kasuwa rana ɗaya. Motocin da kuke gani suna lodi ranar kasuwarmu, da yawansu Dawanau suka nufa, can Kano, inda ake jibge hatsi a manyan ɗakunan ajiya. Wani lokaci waken da kika sayar da kaka shi ne zai dawo miki da damina, ya sha mota sau biyu, ke za ki biya kuɗin motar.

Na san abin da za ku ce, don ni ma na faɗe shi: "Inna, idan na ajiye ƙwari za su cinye." Gaskiya ne, kuma ni shaida ce. Shekara biyu kafin a kafa ƙungiyar nan Allah ya ba ni wake buhu biyu a gayaunata, ban taɓa samun kamarsa ba. Na ce wannan ba zan taɓa shi ba, da shi zan yi wa 'yata kayan ɗaki. Na ɗinke buhunan na jingina a lungu. Bayan wata uku na ji ɗakin yana wani irin ɗumi da wari. Da na farke bakin buhu, abin da ya fito ba ya kwatantuwa: kowace ƙwaya da ƙofa biyu ko uku, ƙasan buhun gari ne zalla. Mai awo ya duba ya ce sai dai na dabbobi. Na zauna na yi kuka kamar an yi mini mutuwa. Ƙwaron wake tun daga gona yake biyo shi, ya yi ƙwai a jikin ƙwayar, tsutsar ta shige ciki tana ci. Kina ganin wake lafiya lau kin ɗinke, ashe da ɓarawon kika rufe ɗakin.

Shekarar da ta biyo na yi abin da ya fi wannan muni, kuma ina faɗa ne don kada wata ta maimaita. Aka ce mini in yayyafa fiya-fiya. Na yayyafa. Ƙwaro bai ci ba kam, amma ranar da aka yi alala da shi yara uku suka kwana suna amai, muka kwashe su sai asibiti. Allah ya kiyaye, suka tashi. Maganin da aka yi don feshi ba a yi shi don cikin tukunya ba, wanki kuma ba ya fitar da shi duka. Ba mu kaɗai abin ya shafa ba: a 2015 Tarayyar Turai ta dakatar da shigar da busasshen wake daga Najeriya saboda yawan irin wannan maganin da aka samu a jikinsa. Su sun ce ba sa so, sun mayar. Mu wa za mu mayar wa? Haka ƙwayar nan da ake ƙullewa a tsumma a jefa cikin buhu, hayaƙi take fitarwa mai kisa, kuma sau nawa muka ga an ajiye irin wannan buhu a ɗakin da yara ke kwana?

Abin da ya raba ni da wannan duka shi ne buhun nan mai ninki uku, wanda ake kira PICS. Masana na Jami'ar Purdue ta Amurka ne suka fito da shi tare da abokan aikinsu na Afirka, aka fara yaɗa shi a ƙasashenmu daga 2007. Ba magani a cikinsa ko kaɗan. Leda ce mai kauri guda biyu, ɗaya cikin ɗaya, sai buhun saƙa a waje. Idan aka ɗaure, iska ba ta shiga, ƙwarin da ke ciki su shanye 'yar wadda ta rage, su daina ci, su mutu. Yawancinku kun san shi, amma duk shekara sai wata ta zo ta ce mini buhun bai yi mata aiki ba, idan na bincika kuma sai in tarar hannu ne ya yi kuskure. Kafin ki zuba, ki hura iska a kowace leda ki matse, ki ga ko tana da huda. Ki tsince tsakuwa da itace, su ke fasa leda. Kada ki cika shi har baki, ki bar wurin ɗauri. Ki danne ki fitar da iska, ki murɗe bakin ledar ciki, ki lanƙwasa ki ɗaure ita kaɗai, sannan ta biyu ita kaɗai, sannan buhun waje. Masu haɗa ukun su ɗaure lokaci ɗaya don sauri, su ne masu kuka. Ki ɗora a kan katako, kada ya jingina da bango, ki kuma yi maganin ɓera, don shi leda ba ta hana shi. Abu na ƙarshe shi ya fi wuya: kada ki riƙa buɗewa kina ɗiban na ɗanwake duk Juma'a. Na ci daban, na ajiya daban. Wadda wakenta bai kai buhu ba, jarka mai murfi mai kyau tana yin wannan aikin, in dai an wanke ta ta bushe, an cika ta taf, kuma ba ta taɓa ɗaukar fetur ko maganin feshi ba.

Duk wannan ba ya amfani idan kayan bai bushe ba. Iyayenmu da haƙori suke gwadawa, idan ƙwaya ta ce ƙas ta fashe, ta yi. Malamin gona ya koya mana wata dabarar: a samu kwalba busasshiya, a zuba hatsin da ɗan busasshen gishiri, a rufe a girgiza, a bar shi ɗan lokaci. Idan gishirin ya manne a jikin kwalba, da sauran ruwa, a mayar rana.

Maganar bushewa ta kawo ni kan gyada, kuma a nan ina son masu yin ƙuli-ƙuli da mai su buɗe kunne, don mu ne mafi yawa a ƙungiyar nan. Gyadar da aka tara da danshi, ko aka shanya a ƙasa ruwa ya taɓa ta, tana yin fumfuna. Wannan fumfunar tana barin wata guba da masana ke kira afalatoksin. Tana lalata hanta a hankali, tana cikin abubuwan da ke kawo ciwon dajin hanta, ana kuma danganta ta da tsumburewar yara. Suya ba ta kashe ta, tafasa ba ta kashe ta. To mene ne al'adarmu? Mu tsince masu kyau, manya-manya, mu kai kasuwa don su yi daraja. Waɗanda suka yamushe, da masu baƙi, da masu ɗaci, mu ce asara ne a zubar, a yi kunun yara da su, ko a niƙa a cikin ƙuli. Wato baƙo ya ci mai kyau, ɗan da kika haifa ya ci gubar. Na yi haka shekara da shekaru ban sani ba. Yanzu da na sani, ɓatacciyar gyada a gidana rami ake haƙa mata. Ko akuya mai shayarwa ba na ba, don an ce gubar tana bi ta nono. A shanya a kan tabarma ko tamfol, a kwashe kafin raɓa, kada a ɗinke buhu sai ƙwayar tana kaɗawa a cikin kwanso.

Na san sayen buhu da haƙurin ajiya ba sa biyan kuɗin makaranta a watan da aka koma, ba sa sayen maganin zazzaɓi, kuma kun san yadda sauro yake a ƙarshen damina. Mace ba don wauta take sayarwa da arha ba, buƙata ce ta taso. A nan ne ƙungiya take da aiki. Shekara uku ke nan muna gwada abin da 'yan'uwanmu na Jamhuriyar Nijar suka daɗe suna yi a ƙungiyoyinsu na manoma: mace ta kawo buhunta ɗakin ajiyar ƙungiya, a rubuta sunanta a jiki, a ba ta rance daga asusu wanda bai kai darajar buhun ba, ta yi hidimarta. Ƙofar da kwaɗo biyu, mabuɗi ɗaya wajen Shugaba, ɗaya wajen Ma'aji, ba mai buɗewa ita kaɗai. Idan lokaci ya yi ta biya rancen ta ɗauki kayanta, ko a sayar a cire, a ba ta saura. Waɗanda suka shiga suna nan zaune, ku tambaye su bayan taro, kada ku tsaya a kan maganata.

Amma ba zan yi muku ƙarya ba, ajiya ba kullum take riba ba. Akwai shekarar da farashi ya ƙi tashi, har ya faɗo ƙasa da na kaka, waɗanda suka ciwo bashi suka sayi hatsi don su ɓoye suka tafka asara. Shi ya sa ni ba na goyon bayan mu ɗauki kuɗin asusu mu shiga kasuwa saye. Wasu daga cikin ƙannena a kwamiti suna ganin tsoro ne ya yi mini yawa, mun yi gardama a kai, kuma za mu sake yi. Abin da nake cewa shi ne mu riƙe abin da hannunmu ya noma, mu fara da na ci da na iri. Wadda ta ajiye abincin watan Yuli da Agusta, ko farashi ya tashi ko ya faɗi, 'ya'yanta za su ci tuwo, kuma ba za ta je neman bashin da za a zo karɓa da buhu a ƙofar gida ba. Abin da ya yi saura bayan wannan, shi ne na jiran kasuwa.

Ku kuma mazajenmu na gindin darbejiya, yanzu na zo kanku. Idan mace ta kai buhunta ɗakin ƙungiya, ba ɓoye muku ta yi ba. Ranar da rumbu ya yi ƙasa, kun san inda ake komawa. Abin da muke roƙo, a bar mata nata ya kai lokacinsa, kada a ce a ara a biya kuɗin taki za a mayar, don mun san yadda wannan mayarwar take. Sannan a taimaka mana da gyaran rufin ɗakin ajiyar, kusurwar gabas tana yoyo, kwano biyu ne kawai da ƙusa.

Wata 'yar magana kuma da ba ta cikin takardata. Jiya da hantsi na wuce ta bakin makaranta, na leƙa aji, 'yan mata ba su fi a ƙirga da yatsu ba. Duk suna gona wajen kala da roro. Na san hannu ake nema, ni ma da nawa jikokin nake ji. Amma Sakatariyar da ke rubuta mana lissafi yau, da uwarta ta riƙe ta a wajen kala, da har yanzu da tsakuwa muke ƙirga zubi kamar yadda muka fara. A bar su su je da safe, gyada ba ta gudu, da yamma su same mu.

Za a fara karɓar buhuna ranar Asabar ta sama, bayan kasuwa. Buhun ajiya yana wajen Ma'aji, an sayo da yawa don ya yi sauƙi, wadda ba ta da kuɗi a hannu a rubuta mata. Kowace ta zo da kayanta a bushe, don ni aka sa a bakin ƙofa, kuma haƙorana huɗu da suka rage har yanzu suna aiki.

Allah ya jiƙan waɗanda muka fara da su ba su kawo yau ba, mutum uku ne, ya raya abin da suka bari. Allah ya sa mu ci abin da muka noma cikin lafiya. Hajiya Shugaba, ga lasifikarku, ni na bar gyada a rana kuma ban yarda da gabas ɗin can ba.